Wandon da Ban Gwada a Durƙushe Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Falmata a Gure ba, ƙarshen shekarun saba'in. Lokacin ina ƙaramin malami a wata jami'a a ƙetaren iyaka, ina koya wa ɗaliban kwamfuta yadda ake gwada aiki kafin a yarda da shi. Zamanin kati mai huji ne da ake zura wa kwamfuta ta karanta, kuskure ɗaya sai ka sake bin layi. Kullum waƙata ɗaya ce: "Kada ku gwada wurin sauƙi kawai. Ku kai abu iyakarsa, can yake fashewa." Har suka sa mini suna Malam Iyaka (a bayan idona, wai ban sani ba).

Da hutu na taho gida tare da ɗalibina Isufu, mutumin Gidigir, don ya raka ni. Malam Bukar, mahaifin Falmata, bai riga ya ce zai ba ni 'yarsa ba. Ya ce sai ya ga ko boko ya bar mini ladabi. Ni kuwa, da wayona, na sa tela ya ɗinka mini wandon yayi, mai matse cinya da faɗin ƙafa. Na gwada shi a tsaye, na gwada ina tafiya, na juya gaban madubi na ga kaina kamar gwamna.

Muka tarar da zaure cike da dattawa. Na tuɓe takalmi, na tafi ƙasa zan durƙusa kamar yadda aka koya mini tun ina yaro. Sai ji kake ɓaarrr! Daga gaba har baya. Wallahi har akuyar da ke ƙofa ta daina tuƙa.

Na ƙame a durƙushe, na kasa tashi, na kasa zama. Na yi ta jan gaisuwa, na tambayi gida, na tambayi gero, na tambayi raƙuma (Malam Bukar ba shi da raƙumi ko ɗaya). Isufu ya matso bayana yana kare ni da babbar rigarsa, kafaɗunsa na rawa, ya raɗa mini: "Malam, ba ka kai shi iyaka ba."

Malam Bukar ya daure, ya daure, sannan ya fashe da dariya har da hawaye, zauren duka ya ɗauka. Da ya samu numfashi ya ce, "Ɗana, wandonka ya ƙi durƙuso, amma kai ka durƙusa. A kawo masa nawa." Na fito cikin wandon surukina mai ɗaukar mutum biyu, ina murna kamar an naɗa ni sarauta.

Labarin ya riga ni komawa jami'a, don haka na mai da shi darasin farko na kowace shekara. Har yau kuma, in na karɓo ɗinki, sai Falmata ta tsaya a kaina ta ce, "Durƙusa mu gani."