Layin da Na Manta Ban Rufe Ba

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin ƙanwata Rakiya a Tsibiri ba. Ko na so in manta, matan gidanmu ba za su bar ni ba.

Babanmu makaɗin kalangu ne. Tun Rakiya tana goye ya ƙago mata wani ɗan kiɗa nata ita kaɗai, wanda in ta ji shi ko kuka take sai ta yi shiru. Ya sha faɗa cewa ranar aurenta da hannunsa zai kaɗa mata shi. Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi ana saura ƴan watanni biki. Hannun dama ya daina motsi, magana ma sai da ƙyar. Kalangun yana rataye a bango, in aka yi zancen bikin sai Baba ya dube shi ya kau da kai. Wannan kau da kan ya riƙa ci mini rai.

Ni kuwa ina da ɗan ɗakin ɗaukar sauti a Sabon Gari, cikin Maraɗi, inda nake haɗa kiɗa da ordinatar, wato kwamfuta. A gida an san ni da taurin rai. Tun da aka sa rana ba na ganin Rakiya ban ce mata, "Na ƙosa a kai ki Jiratawa ki je ki yi ta tsinkar zogale, mu huta," ba. (Angon manomin rani ne, mutumin kirki, ni dai bakina ne ba ya zama lafiya.)

Na ce wa Baba zan cika masa alkawarinsa. Na ɗauki sautin kalangun nasa bugu-bugu, shi kuma ya riƙa bubbuga mini kiɗan a gwiwarsa da hannun hagu. Na koma Maraɗi na yi ta jera bugun a ordinatar, in kawo masa a waya ya girgiza kai, in koma in gyara, har ranar da ya lumshe ido ya gyaɗa kai.

Saura kai kiɗan wurin biki. Ordinatar ɗin tawa irin ta kan tebur ce, ba ta hawa kabu-kabu, ga kuran, wato wutar lantarki, ba a yi masa alkawari. Amma ina da ƴar na'urar ɗaukar sauti mai aiki da pil, wato batir, mai layi huɗu, kowane layi da ɗan abin da ake turawa sama ko ƙasa don ƙara sauti ko rage shi. Aikin ba wuya: ka haɗa waya, ka danna jan maɓalli, ka bar kiɗan ya gudana daga farko har ƙarshe. Na sa kalangu a layin farko, kuntuku a na biyu, tafi a na uku. Na huɗun kuwa mikro ne a jikinsa, wanda wani mawaƙi ya yi aiki da shi kafin nan. Fitilarsa tana nan jajir tana kallona, ni ban kalle ta ba.

Na kulle ƙofa, na toshe kunnuwa da kaske na sauraren sauti, na danna. Da kiɗan ya yi nisa sai na tuna Baba yana tsugune tsakar gida yana kaɗa wa jaririya. Abin da ya biyo baya dai na ɗauka daga ni sai Allah. Da na gama na saurari farkon, na ji tsaf, na kashe na sa a jaka. (Ku lura, farkon kawai.)

Ranar wuni, bayan la'asar, gida ya cika da mata, har da dangin ango daga Jiratawa. Aka fito da Baba a kujera, aka zaunar da amarya kusa da shi a lulluɓe. Na haɗa na'urar da lasifika, na gyara wuyan riga, har da ɗan jawabi na yi: wannan kiɗan Baba ne zalla, ba a sa masa komai ba. Na tura layukan duka sama.

Kalangu ya ɗauka. Guɗa ta tashi, tsofaffi suka miƙe, na ga yatsun Baba na hagu suna bin kiɗan. Ina ta hura hanci. Can sai wata murya ta kutso, kamar ta bunsurun da aka ɗaure a rana, wai waƙa take yi: "Rakiya ƴar Baba, Rakiya ta yaya..."

Goggo Hajara, ƙanwar Baba, ta tsaya cak da rawa. "Wanga wane maroƙi ne haka, ba shi da lahiya?"

Na daka tsalle kan na'urar. Maimakon in sauke layi na huɗu, sai na sauke ukun farko gaba ɗaya. Kiɗa ya ɗauke ɗif. Muryata kaɗai ta rage a cikin lasifika, ta bar waƙa ta koma jan majina da shessheƙa, tana cewa, "Wallahi ƙarya nike, ban ƙosa ba. In kin tahi wa zai aje mini ƙanzo? Wa zan tsokana?"

Aka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Goggo ta ce, "Ashe mai taurin ran namu a ɗaki yake zuwa ya jiƙa!" Na rasa inda zan sa fuskata. Na kai hannu zan kashe abin ɗungurungum.

Sai na ji an ce, "Bar shi."

Baba ne. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin sauran su fito. "Maida kiɗin. Ka bar muryar. Ni ma abin da ni so in hwaɗa mata ke nan, bakin ya ƙi."

Ba wanda ya sake dariya. Na mai da layukan sama, aka sake daga farko, kalangun Baba da mummunar muryata tare. Rakiya ta kwantar da kanta a gwiwarsa, mayafin yana girgiza. Ta miƙo hannu ta kama bakin rigata, ta ce, "Yaya, kar ka goge."

Ban goge ba. Yau duk yaran Tsibiri da suka san gidanmu "Mai Ƙanzo" suke kirana, kuma duk wanda ya zo daga Jiratawa sai ya kawo mini shi a ƙulle cikin leda. Yanzu kafin in danna jan maɓalli sai na duba mikro, in sake dubawa. In kuma ina da maganar da zan gaya wa wani nawa, ina faɗa masa ido da ido, tun lasifika bai riga ni ba.