Yadda Za Ka Ceto Tattalin Arzikin Ƙasa Daga Rumbun Innarka

Ɗalibi, barka da hutu. Ka yi zangon karatu ɗaya ana koya maka tattalin arzikin ƙasa, ga shi za ka koma ƙauye ba wanda ya san ka zama masani ko? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin hutu ya ƙare ba mai sake yi maka musu a gidanku. An jarraba an gani. Ɗan yayata Misbahu, mai kwana a shagona na ɗinki a Takur yana karatu a nan Dutse, shi ya jarraba a kan uwarsa Yaya Rakiya, can wani ƙauye bayan Miga. Mijinta ya rasu ya bar mata gona da rumbu, kuma abin da ke cikin rumbun nan shi ne cinta na bana, shi ne shukarta ta baɗi. Ni Falalu ban yi nisa a boko ba, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Mataki na 1: Shiga gida da Jidifi a bakinka

Jidifi shi ne jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara. Iyakar abin da kake bukata ke nan, sauran na malamai ne. In an kawo maka tuwo, kada ka yi saurin sa hannu. Kalle shi da tausayi, ka yi ajiyar zuciya kamar yadda Misbahu ya yi.

"Inna, kin san tuwon nan ba ya cikin lissafin ƙasa? Ke kika noma, ke kika daka, ke kika tuƙa. Bai bi ta kasuwa ba. A wurin masana kamar ba a yi shi ba ne."

Yaya Rakiya ba ta faɗar sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "To yaron nan, ci tun da zafi, kafin masanan su zo."

Cinye, ka nemi ƙari. Abin da ba ya cikin lissafi ba ya ƙarewa.

Mataki na 2: Sanar da ita cewa ba ta da aikin yi

Tun asuba take tsaye, daga rijiya zuwa turmi, daga turmi zuwa turken awaki. Wannan duk ba hujja ba ce. Jira ta sauke tulu, ka gaya mata daga kan tabarmarka cewa da an gama girbi manomi ɗan zaman kashe wando ne a ƙididdiga. In ta nemi ka kama mata, ka ce kana nazari.

Mataki na 3: Zana layi biyu a ƙasa

Bayan la'asar nemi inuwar da dattawa ke zama. Ɗauki kara, ja layi ɗaya ya hau, ja wani ya sauka, su gitta. Nuna inda suka haɗu ka ce, "Baba, nan ne farashi." Daga nan ka shiga hauhawar farashi, ka bayyana wa mutanen da suka taɓa sayen bijimi da kuɗin da yau ba ya sayen buhun taki cewa kaya suna tsada. Za su yi shiru. Wallahi ilimi ne ya dake su, ba kunyar marigayi babanka ba.

A cikinsu akwai wanda zai fi kowa gyaɗa kai yana cewa, "Allah ya ƙara basira, ɗan Malam." A wurin Misbahu, Malam Muntaka ne. Riƙe irin wannan mutumin da kyau, kuma kada ka damu da cewa sana'arsa sayen hatsi da kaka.

Mataki na 4: Tabbatar mata tsimi zunubi ne

Nan ne gwaninta take. An koya maka cewa in kowa ya ƙulle abin hannunsa kasuwa za ta mutu, in kuwa aka kashe kuɗi sai su zagaya daga hannu zuwa hannu suna haihuwa, su dawo sun ninka. To, ɗaga kai ka dubi rumbun Inna, cike da dammunan gero, a rufe, ba ya tsinana wa ƙasa komai. Ai ga mai laifin a tsakar gidanku!

Yaya Rakiya ta ce, "Yaron nan, da kaka ake sayar da hatsi? Yanzu fa ba abin da ya kai shi arha."

Amsar ita ce, "Inna, idan komai ya tsaya yadda yake..." Kada ka ƙarasa, ko a aji ba a ƙarasawa. Ni dai tun da uwata ta haife ni ban ga ranar da komai ya tsaya yadda yake a Jigawa ba, amma ni tela ne.

Za ta yarda a sayar da rabi. Ba don ta gamsu ba. Akuyarta ta sayar ta kai ka makaranta, in ta ƙi maganar da ka kawo daga can, kamar ta ce ta yi asarar akuyar ne. Yi amfani da wannan, kada ka ji nauyi.

Mataki na 5: Mu jimilla muke dubawa

Jira ranar da za ta tafi Taura gaisuwar rasuwa ta kwana biyu a can. Kira masu sussuka, ka aika wa Malam Muntaka ya zo da motarsa, ka sa a cire murfin rumbu. Rabi kuma ba ya cikin littafi, a fito da shi duka.

A can sama za ka tarar da wasu dammuna an ɗaure su daban da jan tsumma. Zangarniya ce da Inna ta bi gona ta zaɓa ɗaya bayan ɗaya, mai kauri, mai cikar ido. Iri ne, irin da mijinta ya gada wurin kakansa, mai nuna da wuri tun ruwa bai ɗauke ba. Kai ma ka sani, a gidan ka tashi. Amma wancan kai ne na da.

Gwaggo Indo, babbar masu sussukar, ta dafe ƙirji. "Kai, Misbahu! Wannan iri ne fa! Ko da yunwa ba a taɓa shi."

"Gwaggo, mu a fanninmu ba ma duban ɗaiɗai. Jimilla muke dubawa. Gero gero ne."

"To, Allah ya kyauta," in ji ta, ta zuba a turmi. Malam Muntaka ya tsoma hannu a buhun, ya murza ƙwayar, bai ko yi ciniki ba. Kafin magariba motarsa ta kama hanyar kasuwar Gujungu.

Mataki na 6: Saki kuɗin su zagaya

Kwamfuta jari ce. Sabuwar waya jari ce. Takalmi ma jari ne, tunda da shi ake zuwa aji. Sauran canjin ka ƙulle wa Inna a ƙarƙashin matashi ta riƙa auno mudu, ai ga ta nan ta shiga kasuwa, ƙasa ta san da zamanta. Sannan ka hau mota kafin ta dawo. Masani ba ya tsayawa sauraron ƙorafi, kuma ba ma za a yi ba. Yaya Rakiya ta dawo ta leƙa rumbu, ta mai da murfi, ba ta gaya wa kowa ba. Ni ƙanenta ma duk ranin nan "lafiya lau" kawai nake ji.

Mataki na 7: Koma dogon zango

Da bazara kuɗin mudu zai ninka, abin ƙarƙashin matashi zai ƙare. Duk wanda ya tambaye ka, ka ce wannan gajeren zango ne, a dogon zango komai zai daidaita. Kada ka faɗi ranar, dogon zango ba shi da kalanda.

Ruwan shuka shi kam yana da rana. Washegarin da ya sauka, ina buɗe shago wayata ta yi ƙara. Yaya ce, da wayar maƙwabta. Ina jin hayaniyar mutane a bayanta, gari duk an fita da sungumi.

"Falalu, ruwa ya sauka."

"Alhamdu lillahi, Yaya. Kin fita shuka?"

Can ta ce, "Na zaga da ƙwarya neman iri. Kowa ya ce in bari ya gama tasa, in ya rage." Sai a lokacin ta ba ni labarin duka. Raina ya ɓaci. Na ce yanzun nan zan tashe shi daga barcin nan ya ji da kunnensa.

"A'a! Don Allah kada ka faɗa masa. Jarrabawa yake yi, kada hankalinsa ya rabu. Ka dai tambaye shi da dabara, kuɗin nan da ya ce suna zagayawa, ko sun biyo ta Dutse?"

Ban faɗa masa ba. Ku nake faɗa wa. Na auno abin da na samu a kasuwa na aika mata a mota. Kafin ya isa ƙasa ta fara bushewa, kuma ba irin nan ba ne.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In rumbunku ya zama ɗakin kaji, in gonarku ta tsaya tsirara a tsakiyar gonakin mutane, in ruwa ya ɗauke gero bai nuna ba, kada wanda ya zo min shago. Ku kai kuka wurin jimilla, ita ba ta yi asarar ko ƙwaya ɗaya ba. Ni alkawarin da na yi shi ne ba mai yi maka musu, kuma ba a yi ba. Misbahu ya ci jarrabawarsa, shi ne na ɗaya a ajin. Da labari ya kai wa Yaya, sai ga saƙo a motar Miga: ƙullin kuka, da daddawa, da kuɓewa busasshiya, a ba yaron nan, tana masa barka. Ta ce a ba shi haƙuri, bana ba ta haɗo da gero ba.