Sawun Ƙafa a Bakin Rijiya

"Lafiya lau na kwana, sai dai takaicin ganin ka da sassafe. Mutanen kirki sun ƙare ne aka turo mini kai?"

"Sun ƙare, amarya. Duk wanda ya ji ke za a ɗauka sai ya ce motarsa ta lalace. Ni da aka liƙa mini ke tun ina zanin goyo, ina zan gudu?"

Haka Kaka da jikanta Dogo, direban tasi, suka saba gaisawa. Sai dai ranar nan wasan ba shi da armashi. Idon Kaka ya kusa tafiya, inuwa-inuwa kawai take gani, shi ya sa 'yarta da ke aure a wani gari mai nisa ta aiko a kai mata ita. Kowa a gidan ya san tafiya ce ba dawowa, ba dai mai son faɗa. Aikin Dogo guda ne, ya kai ta tasha kafin motar safe ta tashi.

Ya ɗaure akwatin ƙarfenta a but, ya zaunar da ita a gaba. Ko ɗaga kai ba ta yi ta dubi gidan ba.

"Kar ka bi da ni sabon titi," in ji ta. "Bi ta majema."

"Majema kuma? A birnin nan?"

"Inda wari yake, sakarai."

"Ni dai ban ji wari ba sai da kika shigo."

"Ungo naka! Sha kwana ta hannun dama, in ka wuce tsamiya."

Babu tsamiya, babu majema. Banki ne mai gilasai tun daga sama har ƙasa. Da Dogo ya gaya mata, sai ta yi tsaki.

"Su shafa turarensu, a kan ramin jima suke zaune. Nan masu fata suka fara sauka, don an kore su daga cikin gari saboda wari. Yanzu garin ne ya biyo su da kansa."

"Kaka, mota za ta tashi fa."

"Ta tashi ta yi fiffike. Miƙe zuwa mashigi."

Mashigin nan shi ne babbar gadar da Dogo ke hawa kullum yana zagin cunkoso. Suna kai tsakiyarta ta gane da ƙarar tayoyi.

"Nan kakanka ya fara ganina, muna cikin kwalekwale. Ya saki baki yana kallona har ya faɗa ruwa."

"Tsoro ne, ya ɗauka dodon ruwa ya fito."

"Dodon da ta haifi ubanka ba. Da ban tsamo shi da gyalena ba, da yanzu kai ko ƙurar mota ba ka kai ba."

Ya yi dariya, amma idonsa na kan agogo. Da suka sauko daga gada, muryarta ta sauya.

"Kai ni rijiya, Dogo."

Unguwar da ke gabansu da sunan rijiya ake kiranta. Dogo ya sha sauke fasinja a wurin, bai taɓa tambayar ina rijiyar take ba. Abin da ya sani shi ne ƙaton shataletale mai furanni, wanda yanzu aka kewaye da kwanon rufi za a fasa shi a yi gadar sama.

"Ba rijiya a nan, tsohuwa. Suna ne kawai."

"Sunan daga sama ya faɗo? A rediyo na ji za su fasa ta. Kakanka ne ya haƙa ta da hannunsa, lokacin nan dawa ce, kura na kuka. Don ruwanta masu shanu suka yada zango, masu awo suka biyo su, kasuwa ta ci. Da hukuma ta kawo famfo sai aka rufe bakinta aka dasa fure a kai. Ni dai in taɓa ta kafin in tafi, ban roƙe ka komai ba bayan wannan."

"In muka tsaya, motar ta tafi."

"Kai da ka ce ba ka da inda za ka gudu, yau saurin rabuwa da ni kake yi?"

Dogo ya rage gudu. Ya ajiye motar a gefe, ya kama hannunta suka tsallaka titi, suka shiga ta inda kwano ya ɓalle. An kwashe furannin da ƙasarsu. A tsakiya ga zoben tsohon siminti, katafila ta riga ta tsattsaga shi.

Kaka ta durƙusa da ƙyar, tana shafa simintin tana zagawa kamar mai neman allura a tabarma. Can ta tsaya.

"Kawo hannunka, malalaci."

Ta ɗora yatsunsa a kan wani ɗan lotsawa. Sawun ƙafar yaro ne, bai kai tafin hannu ba, ɗan ƙaramin yatsan ya kauce gefe.

"Ranar da kakanka ya shafe bakin nan, ubanka yana tatata. Ya ƙwace daga hannuna ya taka simintin ɗanye. Kakanka ya ɗauko cokalin gini zai goge, na riƙe masa hannu."

Dogo yana ciki ubansa ya rasu, ko hoto bai bari ba. Shekara da shekaru yana zagaya wurin nan da fasinja yana danna oda, bai sani ba.

"Cire takalminka," in ji ta.

Ya cire. Ta laluba ƙafarsa har ta kama ɗan yatsan, shi ma a kauce.

"Ka ji ko! Duk abin kirkin da ke jikin ɗana, wannan karkataccen yatsan kaɗai ka iya ɗauka."

Dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin ta. Ya sa hannu biyu ya girgiza ɓangaren da ya tsage, ya ɓalle shi da sawun a jiki, ya ɗora mata a cinya. Ta shafa shi ta daɗe, sannan ta tura masa.

"Riƙe. Ba ni da idon kallonsa, kuma can inda za ni ba wanda ya san shi. Kar ka ce na sake ka ban bar maka komai ba."

Ya rungume simintin a ƙirji, ya share fuska da hannun riga.

"Kin ci ni, amarya, na sallama. Motar ma ta tafi."

"Gobe akwai wata."

"To tashi mu je. Bayan rijiya sai ina?"

"Zangon shanu."

"Filin ƙwallo kenan?"

"Kai ka san wannan. Ni dai kama hannuna, kuma wannan karon ka tafi a hankali."