Rasuwar Beryl, Motar da Aka Tura a Talabijin

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, ni Glenys Tolhurst, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta garin Karinya Well, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motata Beryl, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a ƙarƙashin rumfar bayan gidana. Ta yi shekara goma sha ɗaya a duniya, ta ci kilomita dubu ɗari uku da goma sha biyu.

Marigayiyar mota ce mai aiki da lantarki, ita ce ta farko da ta shigo garinmu. Ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Abin da ake ji daga bakinta ɗan siririn "wiii" ne idan ta miƙi hanya, sai "ƙil, ƙil" idan na bar ƙofa a buɗe. Tun da na ajiye aiki, ni da ita muke kai marasa lafiya babban asibiti a Port Lincoln, tafiyar kilomita ɗari da talatin. In ta ƙoshi da caji tana yin ɗari biyu da sittin, ranar da ake tsananin zafi kuwa ɗari biyu da ashirin. Ba ta taɓa ɓoye mini wannan ba, ba ta kuma taɓa barin mara lafiya a gefen titi ba.

A shekararta ta huɗu masu wani shirin motoci na talabijin suka zo daga Sydney. Mai gabatar da shirin, da hular makiyaya sabuwa fil a kansa, ya ce mini, "Sista, aron yini ɗaya kawai, ƙasa ta ga jarumarki." Na wanke ta, na toya musu kek. Da muka kai wajen rumbunan alkama sai ya sa ƙarti huɗu suka kama tura ta ana ɗauka. Na leƙa allon gabanta, saura kilomita ɗari da arba'in.

Na ce, "Kai, ai lafiyarta ƙalau."

Ya yi dariya. "Mun sani, Sista. Muna nuna yadda abin zai kasance ne da a ce ta mutu."

Ranar da aka haska shirin babu "da a ce" a ciki. An ce ta mace bayan kilomita casa'in. Washegari Kev mai gidan mai ya ƙwala mini kira daga tsallaken titi: "Sista! In ara miki doki ne, ko doguwar wayar caji?" Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, don a lokacin na ɗauka wasa ne.

Kamfanin da ya ƙera ta ya kai tashar talabijin ɗin ƙara bisa ɓata suna, aka shekara uku ana shari'a. Na je Sydney na ba da shaida. Lauyan tashar ya tambaye ni ko na ɗauki hoton allon, na ce a'a, ya tambayi shekaruna, ya zauna. Alƙali ya yanke cewa babu mai hankalin da zai ɗauki shirin nishaɗi a matsayin gwaji na gaskiya, ya kori ƙarar. Aka ɗaukaka ƙara, aka sake faɗuwa. Ina mai shaida wa mai shari'a cikin ladabi cewa mutanen garinmu masu hankali ne, suna duba sama su faɗi ranar da ruwa zai sauka, kuma sun gaskata. Kamfanin kuwa kasuwarsa ta mutu, ya rufe ofishinsa ya bar ƙasar.

Ba zan rufe wannan sanarwa ban ambaci Des Keogh ba, manomin alkama mai shekara saba'in da huɗu. Shekara biyu Beryl tana kai shi wankin ƙoda sau uku a mako, yana barcinsa a kujerar gaba. Bayan shirin, ɗansa Craig ya hana shi shigarta. Wata rana da la'asar ana tsakiyar girbi, matarsa Lorraine ta bugo mini waya cewa ƙirjin Des ya riƙe, motar asibitin garinmu kuma ta tafi wajen wani haɗari can nesa. Cikin minti bakwai muna ƙofar gidan, caji cike. Craig yana gona mai nisa, muryarsa na fitowa ta wayar uwarsa:

"Kada a saka mini uba a wannan abin wasan yaran! Da idona na ga ana tura ta. Ga ni nan da a-kori-kura!"

Na ce, "Craig, a hannuna aka haife ka, ka saurare ni."

Des ya kama hannuna, gumi na zuba. "Bar shi, Glenys. Kada ran yaron ya ɓaci."

Muka jira minti hamsin. Saura kilomita ashirin mu isa asibiti Des ya cika, kansa a cinyata, a kujerar bayan a-kori-kurar. Allah ya jiƙansa. Ba na cewa da Beryl ce ta ɗauke shi da ya rayu, likita ma bai faɗa ba. Abin da na sani shi ne na yi shekara arba'in ina tsawata wa 'yan'uwan marasa lafiya, ranar nan kuwa na yi shiru na jira.

Ciwon ajalin marigayiyar ya fara a watan Agusta, lokacin da na'urar da ke karɓar caji ta ƙone. Bakanikenmu Wal Hentschke ya yi wata huɗu yana neman madadinta, bai samu ba, don babu mai shigo da kayan gyaranta yanzu. Ya share hannunsa ya ce, "Zuciyarta lafiya lau, Sista. Bakin ne ba ya karɓar abinci." Na riƙa lallaɓa ɗan abin da ya rage mata, daga gida sai gidan waya, har ranar Talata da na danna ta ba ta amsa ba.

Ta rasu ta bar ni, da igiyar cajinta a rataye a bango, da mutum talatin da ɗaya da ta kai asibiti waɗanda har yau suke raye. Ta bar batirinta, wanda Wal zai haɗa da farantan hasken rana a zauren taron gari. Ta kuma bar wancan hoton na ƙarti huɗu, wanda aka ce mini har yanzu ana kallonsa a waya ana dariya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga gidana zuwa wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa a Port Lincoln. Akwai shayi da burodi a zaure ga waɗanda ba za su bi ba. Ba a buƙatar furanni.

Jiya Craig Keogh ya tsaya a ƙofata da hula a hannu, bayan shekara shida ba mu gaisa ba. Ya ce, "Sista, ki bar ni in ɗauke ta a tirelata."

Na ce, "Kilomita ɗari da talatin ne fa, Craig."

Ya ce, "Na san nisan."

Shi zai tuƙa, ni zan zauna kusa da shi. Ina roƙon duk wanda ya zo rakiya, don Allah kada ya ce masa komai.