Tumbin Ranka-ya-daɗe a Kabarin Kakana

Jiya a kan benci na wuni, a ofishin da aka ce shi ke kula da kaburburan sojoji, har ƙuguna ya fara tambayata laifin da ya yi min. Goggo ce ta aike ni. Mahaifinta, wato kakana, ya tafi yaƙi ƙetare tana goye, bai dawo ba. Yanzu idonta ya fara dushewa, ta ce ba abin da take so illa ta ga hoton kabarinsa da sunansa a jiki, kafin duhun ya gama shigowa.

Maƙwabcina tela da ya ji sai ya ce, "Kai da ko hoton aurenka ba ka san inda yake ba, kai za ka nemo na kabari?" Na ce ya ji da zarensa.

Gaskiya dole a yaba wa manyanmu. Duk shekara sai sun cika jirgi, da mataimaka da masu riƙe wa mataimaka jaka, su je maƙabartar sojojin can ƙetare su ajiye furanni. Kuma ba sa tafiya sai da mai hoto. Saboda haka da akawu ya tausaya ya zube min hotuna a tebur, na ce yau Goggo ta huta.

Ga Ranka-ya-daɗe riƙe da fure. Ga shi ya sunkuyar da kai, ido ɗaya na leƙen kyamara. Kowane dutsen kabari da babban mutum tsaye a gabansa.

Akawu ya zaro ɗaya. "Ga naku nan, na bakin katanga."

"Ina sunan?"

"Yana bayan Yallaɓai."

"Babu wanda aka ɗauka ba Yallaɓai a ciki?"

Ya dube ni kamar na taka masa sallaya. "Haba Malam, hoton dutse zalla? Wa zai yarda an je?"

Haka na kawo wa Goggo. Ta kai hoton dab da hancinta, ta daɗe tana shafa gefen dutsen da tumbin Yallaɓai ya rage mana. Can ta ce, "Allah sarki, Baba. Ɗan nan, ka koma ka roƙi bawan Allahn nan, in sun je baɗi ya ɗan matsa."

Na ce to, Goggo. Ban iya gaya mata ba cewa mutumin da bai taɓa matsa wa masu rai ba, ba mamaci zai matsa wa ba.