Fuskar da Wayar Kawu Ta Sani

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu, ko da ɗan haya ne, ya san Allah ya yi wa Kawu baiwar da bai yi wa kowa ba, wato fuska. Ba kyau nake nufi ba, kyau abin yara ne. Fuskar Kawu ta aiki ce. Girarsa biyu sun haɗe tun kafin a haife ni kuma mutanen layi ba su taɓa ganin sun rabu ba, leɓensa na ƙasa kuwa a ture yake gaba kamar aljihun tebur da aka manta ba a rufe ba. Da wannan fuska ya yi aiki a ofishin ruwa har ya yi ritaya yana Mataimakin Mai Riƙon Hatimi. Da ita yake shiga taron da ba a gayyace shi ba, da ita yake tsallake layi a asibiti. In mai gadi ya nemi kati, sai Kawu ya nuna kansa da yatsa ya ce, "Dubi fuskar nan da kyau. Ita ce katin." Shi ya sa a bayan idonsa ake ce masa Dubi-Fuskar-Nan, a gaban idonsa kuwa Shugaba.

Shugaban Kwamitin Masu Gidajen Layi ne. Kwamitin ba shi da ofis, ba shi da ko tsintsiya. Dukiyarsa guda ce, wata kujera mai juyawa da ƙafarta ɗaya ta rasa taya, kuma doka ta ce a gidan shugaba take zama. Tana falon Kawu, an tokare ta da tsohon ƙamus. A kanta yake karyawa, a kanta yake yanke farce, a kanta yake yanke hukunci game da kwatar layi, wadda take ambaliya duk damina tun hawansa mulki. Ni 'yar yayarsa ce, a gidan na tashi, kuma tun da ni ake tambaya wa ya haifi wa da wa ya fasa me a zuriyarmu, dole in ajiye labarin nan yadda ya faru, kada jikoki su ji shi a bakin maƙiya.

Babban maƙiyin shi ne mai kemis na bakin titi. Da zaɓen kwamiti ya matso, sai ya ce shi ma yana son kujerar, wai layi yana bukatar shugaba na zamani, ba wanda wayarsa take ɗaure da roba ba. Maganar ta iso falo kafin shayi ya huce. Kawu ya juya a kan kujerarsa rabin juyi, don iya abin da take yi ke nan, washegari kuma ya shigo gida rungume da kwalin sabuwar waya.

Ya tara mu, ya sa kowa ya wanke hannu, sannan ya hana kowa taɓawa. Ya ɗora wayar a tafinsa yana auna ta.

"Kun ji nauyi? Ilimi ne a ciki. Waɗannan idanu uku na bayanta, ɗaya nawa ne, ɗaya na kwamiti, na ukun na maƙiya ne. Mai shagon ya rantse mini ba ta buɗe wa kowa sai ta ga fuskar mai ita. Na ce masa, to ta yi sa'ar mai gida."

Ledar da ke manne a allon bai yarda an ɓare ta ba, ya ce rigarta ce. Kafin ya shafa allon sai ya lashi yatsa, kamar yadda ya saba in zai buɗe fayil, in kuma zai danna wani abu sai ya danna da ƙarfin buga hatimi, har ya ɗan ɗaga kafaɗa. Da ta nemi ya sa lambar sirri, ya rufe ido ya daddanna, ya buɗe ido ɗaya ya maimaita, sannan ya girgiza kai da ƙarfi don lambar ta fita daga ƙwaƙwalwarsa. Ya bayyana mana cewa sirrin da mai shi ya sani ya riga ya fara yawo. Muka gyaɗa kai, don ba kullum ake jin hikima irin wannan kyauta ba.

Sai aka zo kan ɗaukar fuska. Kawu ya yi wanka, ya sa rigar taro da hula, ya fesa turare saboda wayar. Ya hau kujera, ya haɗe gira har suka hau juna, ya turo leɓe, ya ɗaga wayar daidai hancinsa. A daidai lokacin ne murya ta fito daga ɗakin Kaka.

"Auta, wa ya sha mini madara?"

Kaka mahaifiyarsa ce, 'yar tsohuwa ce da ba ta kai kafaɗarsa ba, kuma ita kaɗai ce a duniya take kiransa Auta. Tana da gwangwanin madara mai kauri da take ɓoyewa a bayan labule, kuma tun Kawu yana yaro gwangwanin yake raguwa ba tare da an kama kowa ba. Da jin muryarta, girar nan biyu suka rabu, leɓen ya koma gida, idanu suka yi zuru-zuru, kai ya karkace gefe guda kamar na ɗan akuyar da ruwa ya doka. Wayar ta yi 'yar ƙara, ta rubuta cewa ta gama. Kawu ya ce wa Kaka ƙila ɓera ne, ya tattara fuskarsa ya mayar da ita wurinta, ya sanar da mu cewa na'ura ta samu albarka.

Da allon ya yi duhu ya sake ɗaga ta, sai ta rubuta: Ba a gane fuska ba.

A tarihin gidanmu babu wanda ya taɓa faɗa wa Kawu haka, mutum ko dabba. Amma babban mutum ba ya rasa fassara. Ya ce kwarjini ne ya yi mata yawa, sabuwa ce, za ta saba. Ya gwada a rana, ya gwada a inuwa, da hula, ba hula, da tabarau a ido, da tabarau a goshi. Ya gabatar mata da kansa, muƙami bayan muƙami. Ya sauko da takardar yabon da aka ba shi ranar ritaya ya nuna wa idanun nan uku. Wayar ta saurara cikin ladabi, ta sake rubuta abin da ta rubuta.

Abin mamaki, wani lokaci takan buɗe. In Kaka ta kira shi tana tambayar wa ya bar famfo a buɗe, ko wa ya taka mata tabarma da takalmi, sai a ji ƙit, allon ya haskaka. Kawu ya yi nazari mai zurfi ya gano dalili, wato sabis ya fi ƙarfi a ƙofar ɗakin Kaka. A irin wannan sa'ar ce ya samu ya zuba lambar Babban Daraktan Ayyuka na tsohon ofishinsu, wadda ya daɗe yana adanawa kamar gado.

A waje kuwa wayar ba ta shiga aljihu. A hannu yake riƙe ta, allon baƙi ƙirin, in ya zo daidai kemis sai ya kara ta a kunne ya ce a gaya wa Darakta ya ɗan jira, yana da baƙi. Ya bi gida-gida yana alkawarin cewa ranar zaɓe, a gaban kowa, zai kira Darakta ta bidiyo, ido da ido, a gama maganar kwata.

"Ni da Darakta ba ma gaisawa da suna," in ji shi. "Suna na ƙananan ma'aikata ne. Da fuska muke gaisawa."

Ranar zaɓe aka taru a wani aji na makarantar firamare, manyan mutane sun nannaɗe ƙafafu a bencin yara, gwiwa tana gaisawa da haɓa. An kawo kujerar a baro, da ƙamus ɗinta. Kaka ma ta zo, ta zauna a bencin baya. Dole ta zo, don gidan da Shugaban Masu Gidaje yake ciki nata ne, ita ce mai ƙuri'ar, duk da ba a cika tayar da wannan magana ba. Kowace shekara takan zo ta yi barcinta ta tafi.

Kawu ya miƙe, ya ɗaga wayar sama kamar kofin gasa.

"Jama'ar layi, an ce ana son zamani. To ga zamani a hannuna, na saye shi, na kuma hore shi. Wannan na'ura, ko sarkin ɓarayi ya ɗauke ta, dutse ya ɗauka. Fuska ɗaya ta sani a duk faɗin ƙasa. Yanzu za ku ga yadda ake buɗe ƙofa ba tare da ƙwanƙwasawa ba."

Ya haɗe gira, ya dubi wayar. Ba a gane fuska ba. Ya ƙara haɗewa, jijiyar goshinsa ta fito. Ta ce ya sake gwadawa. Ya turo leɓe har ya kusa taɓa allon, ya zaro ido, ya riƙe numfashi, kumatunsa suka kumbura. Mai kemis ya ɗaga hannu cikin tausayi ya ce in ciki ne ya ɗaure, yana da magani a shago, kuma ba sai an biya yau ba. Bencin yara suka fara rawa saboda dariyar da ake dannewa.

Zufa ta keto wa Kawu. Ya zaro hankici daga aljihu, sai wani ɗan ƙaramin cokali ya biyo shi, ya faɗi a siminti, ya yi ta ƙara kamar ba zai daina ba. A bencin baya ido ɗaya ya buɗe.

"Auta, cokalin madarata ne wancan?"

Girar suka rabu, leɓen ya koma, kai ya karkace. Ƙit, in ji wayar. Mutanen da suka tsufa a layin nan ba su taɓa ganin wannan fuska ba, wasu har suka leƙa bayansa ko wani ne ya shigo. Amma Kawu jarumi ne. Kafin allon ya mutu ya buga lambar Darakta da ƙarfin hatimi, ya mayar da fuskar aiki, ya juya yadda na gaba za su gani.

Darakta ya bayyana, wani dattijo cikin singileti, yana tauna wani abu. Ya tambayi wa ke nan.

"Ranka ya daɗe," in ji Kawu, "dubi fuskar nan da kyau."

Darakta ya duba da kyau. Ya matso har hancinsa ya cika allon, ya ja baya, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ƙila an yi kuskuren lamba. Yana shirin kashewa ke nan Kaka ta iso gaban aji da sandarta, ta ɗauki cokalin ta shinshina, ta ɗaga kai.

"Da kai nake."

Fuskar ta sake zubewa. Nan take Darakta ya daina tauna, ya washe baki.

"Au, kai ne? Mai riƙe mini lema a bakin mota? Ai da ka yi fuskarka tun farko da ban wahala ba. Ya gida? Har yanzu kana gudun karen ofis?"

Game da kwata kuwa, ya ce shi ma ya daɗe da ritaya, kuma ko lokacin da yake aiki kwata ba sashensa ba ce. Ya ce a gaida Mama, ya kashe.

Aka kaɗa ƙuri'a da ɗaga hannu. Kawu ya samu hannu ɗaya, nasa, sai aka tuna masa cewa ba shi da ƙuri'a. Kaka ta zaɓi mai kemis, saboda man zafin da yake ba ta na gwiwa. Kujerar ta koma baro, ta nufi bakin titi tana rabin juyi a kowane rami. Ƙamus ɗin dai namu ne, ni na ɗauko shi.

Mai shagon waya ya ce ana iya canja fuskar, a kawo lambar sirri kawai. Kawu ya ce ba zai tona sirri saboda ƙaramin abu ba. Don haka kowace safiya sai a gan shi yana kai-kawo a ƙofar ɗakin Kaka, waya a daidai hanci, yana jiran faɗa. Ya bar famfo a buɗe da gangan. Ya taka tabarma da takalmi, ya koma ya sake takawa. Madara kuwa a fili yake shanta, yana buga cokali a gwangwani don a ji.

Kaka ta lura, kuma ba ta taɓa barin laifi ba hukunci ba. Ta daina yi masa faɗa. Yanzu da ta ji motsinsa sai ta fito da fara'a, ta miƙa masa gwangwanin da hannu biyu, ta tambaye shi yadda ya kwana, ta kira shi Shugaba. Da ya ji sunan sai girar su haɗe da kansu, leɓen ya turo gaba, ƙirji ya buɗe. Wayar takan dube shi da idonta na gaba, ta rubuta masa abin da ta saba.