Battar Tabar Hajo a Cikin Tanki

"...Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ina gajiya, maigidana? Ko ba ka amsa gaisuwa sai ka gama cusa kai a gindin mota?"

"Ba gajiya, amarya. Matsa can, kin tare min haske da wannan zanen naki na shekarar fara."

Hajo ke nan da jikanta Maiwada, da hantsi, a ƙofar gidan Alhaji Jumare a Kudan. Maiwada ne ke tuƙa wa Alhaji tsohuwar baƙar motar da ya saya hannun wani Bature mai komawa gida da aka sami mulkin kai. Mota kam ba laifi, amma allurar da ke nuna mai ta kwanta ta ƙi tashi, ko an cika tanki fal. Ranar kasuwar Makarfi mai ya ƙare musu a daji, Alhaji da babbar rigarsa ya tako da ƙafa yana huci, ya rantse motar ba ta sake fita sai allurar nan ta dawo hayyacinta. Ga shi jiya an aiko daga Malikanchi cewa jikin Mijinyawa ya yi tsanani, sunan Hajo yake ta kira. Shi kaɗai ne ƙanen da ya rage mata, ita kuwa ƙafafunta ko bakin rafi ba sa kai ta. Shi ya sa ta jawo kujerarta ta kafa a jikin motar.

Ta leƙa ta ce, "Wai me kake tono a baya kamar mai haƙar gyaɗa? Ciwon a gaba yake, na gani da idona."

"Ke da ba ki taɓa shiga mota ba, yau har kin zama makanike?"

"Ni na yanke maka cibiya, ja'iri. Faɗa min, yaya aka yi allura tana can gaban direba ta san abin da ke cikin tumbin nan? Aljani ke kai mata gulma?"

"Waya ce ke kai gulmar, ba danginki ba."

Ya zaro wata siririyar sandar ƙarfe daga cikin tankin, da ɗan ƙwallon tagulla a bakinta, tana ɗigar fetur.

"Kin ga wannan ƙwallon? A kan mai yake iyo. Mai ya yi yawa ya taso, mai ya ragu ya sauka. Sandar ta motsa, waya ta kai wa allura labari."

"Au! Ashe gora ne! Irin wanda muke rungumewa mu haye rafi da damina."

"Ke kin taɓa haye rafi? Ai ruwan ne ke darewa in ya hango fuskarki."

"Samarin Ikara kaf a bakin rafin suke kwana saboda fuskar nan. Miƙo in ji."

Ta karɓa, ta kai kunne, ta girgiza. Sai ga shi yana ƙulu-ƙulu.

"Kai, wannan ya sha ya ƙoshi, kamar kai a gidan suna. To goran da ya sha ruwa ina zai yi iyo?"

"Ya huje ne. Na kai wa maƙeri, ya ce ko da wasa ba ya kusantar da wuta ga abin da ya sha fetur. Sabo kuma sai an aika Zariya, sai kuma ranar da aka samu."

Tsoro ya kama Hajo, don ta san Mijinyawa ba zai jira Zariya ba. Ta kwance bakin zane ta ciro battarta ta garin taba, wani ɗan gora kamar ƙwan kaza da ya sha hannu har yana ƙyalli. Maiwada ya kafa mata ido.

"Kallon me kake min? Yau ka fara ganin kyakkyawa?"

"Allah ya kiyaye, ba ke nake kallo ba. Ba ni battar nan."

"Ka ci gidanku! Battar nan ta girmi ubanka. Mijinyawa ne ya fafe min ita da hannunsa ranar da za a kai ni ɗakin kakanka."

"To ki zauna ki yi ta shaƙa har motar Zariya ta zo."

Ta dubi battar, ta dubi ƙwallon. Girmansu ɗaya, wallahi.

"Fetur ba zai cinye ta ba?"

"Ban sani ba, ban taɓa ganin wanda ya gwada ba."

"In aka toshe bakin da kakin zuma fa?"

"Kaki narkewa yake a fetur. Sai dai ƙaro."

"To me ka tsaya yi, raggo? Malam Ashafa na nan yana haɗa tawada da shi."

Ta zazzage tabar a gefen zane ta ƙulle. Aka toshe batta, aka shafe ta da ƙaro, aka shanya a rana har azahar, ita tana gadinta tana korar kaji. Maiwada ya ɗaure ta a bakin sandar da waya, ya mayar cikin tanki. Alhaji ya fito daga zaure ya tsaya yana kallon ikon Allah. Maiwada ya murɗa makulli. Allurar ta yi rawa, ta ɗan zabura, sannan ta miƙe a hankali ta tsaya a tsakiya.

"Ta tashi! La ilaha illallahu, ta tashi!"

"Kin ga har atishawa ta yi? Ashe duk kwanakin nan taba take nema, irinki."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce su kama hanya tun da sauran rana.

Maiwada ya ɗauki Hajo cak ya zaunar a gaba. "Kada ki damu, amarya. Da zarar sabon ya zo daga Zariya zan ciro miki kayarki."

Ta share ido da bakin mayafi tana dariya.

"Bar ta a ciki, na ba ka. Shi ya ba ni ita, ita za ta kai ni wurinsa. Ja mu tafi, mijin banza. In na tarar da shi ya gane ni, na yarda kai direba ne."